Wanda Tsohuwa Ta Gani a Rijiya

Haƙar rijiya a Yerwa wahala ce, ba ni da wani suna da zan sa mata. Ƙasar garin rairayi ce, ba ta da amana. Ka haƙa gaba uku tana tsaye kamar katanga, a na huɗu ta fara zubo maka a ƙeya. A can ƙasa babu iska, zafi kamar an kifa maka tukunya, in ka ɗaga kai ka ga sama ta koma kamar faifai. Na yi shekara goma sha wani abu ina wannan aiki. Gwiwoyina sun sani, bayana ya sani. Amma duk a cikin shekarun nan ba ƙasa ce ta fi ba ni wuya ba, mafarkin wata tsohuwa ne.

A lokacin ana ta maganar Turawa za su tafi. Mu uku ne a aiki. Akwai ubangidanmu, mutumin ƙasar Kano, shi ke karɓo aiki, shi ke da babbar igiya da diga da jaka. Jaka macen jaki nake nufi, wata fara-fara mai tsagaggen kunne, ita ke kwashe ƙasar da muka fitar a mangala. Akwai abokin aikina, ɗan ƙabilar Babur ne daga kudu, Babur muke kiransa, shi ke riƙe igiya yana jawo kwando. Ni ne mai shiga.

Kullum da safe kafin in sauka, sai mu zauna a bakin ramin mu sha koko, kowa ya faɗi abin da ya gani a barci. Ubangidanmu ne ya kafa wannan al'ada. Ya ce mutumin da zai shiga cikin ƙasa bai kamata ya shiga da mafarki a ciki ba, ya amayar da shi a sama tukuna. Shi ba malami ba ne. Wai a garinsu ya yi maƙwabtaka da wani mai littafin fassarar mafarki, a nan ya tsinci abin da ya tsinta. Abu ɗaya ya riƙe gam: mafarki a rataye yake har sai an fassara shi, kuma bakin da ya fara fassarawa shi ke sauke shi, yadda ya ce haka za ta kasance. Don haka ba ya bari ka kai ƙarshen magana, kada wani ya riga shi.

Ina tuna ranar da Babur ya ajiye ludayi ya ce, "Maigida, jiya na ga banda. Kifin Chadi ɗin nan da ake saukewa a Kasuwar Litinin. Suka fito daga buhu ɗaya bayan ɗaya suka yi sahu, tarwaɗa tana gaba tana ja musu salla."

"Aure!" in ji ubangidanmu. "Kifi mace ce. Aure za ka yi."

"Maigida, ƙyafaffe ne fa. Baƙi ƙirin, duk ya lanƙwashe."

"To bazawara."

Har koko ya sarƙe ni. Babur ya ce shi dai in bazawarar za ta zo da limaminta, a bar masa gwaurancinsa.

Ni ma ina da nawa da yake dawo mini lokaci lokaci. In ga ina haƙa, ina haƙa, sai diga ta ɓurma. In leƙa ta hudar, sai ga wata kasuwa a ƙarƙashin tamu, da rumfunanta da mutanenta, ana ta ciniki. Sai wata mai sayar da garin dawa ta ɗago kai ta ce, "Kai bawan Allah, toshe mana, kana zuba mana ƙasa a gari." Duk ranar da na faɗa, ubangidanmu sai ya buga cinya ya ce dukiya ce, ƙasa a mafarki dukiya ce. Na ce masa, "Maigida, shekara nawa kana ba ni dukiyar nan, har yau wandona ɗaya?" Ya ce gaggawa ce ta yi mini yawa.

Haka muke, abin hira ne. Ban taɓa ɗaukarsa abin da zai taɓa tuwona ba.

Muka sami aiki a unguwar Moduganari, gidan wani Babarbare mai fataucin fata. Muna fara aiki ya tafi Nguru da kayansa, ya bar mata da yara da mahaifiyarsa. Tsohuwar mutuniyar kirki ce. Takan aiko mana da gyaɗa, ni kuma kullum in na zo sai na durƙusa a bakin zaure na ce mata "Wushe, Kaka," iyakar Barbarcina ke nan. Ita ma Hausarta ta kasuwa ce, wadda za ta sayi gishiri da ita ta koma gida.

Mun kai gaba bakwai, ƙasa ta fara yin sanyi a tafin ƙafa, alamar ruwa ya kusa. Ran nan da safe mun gama koko, na tashi ina ɗaure wa jaka mangala, na jingina da ita ina jan igiya, sai ga tsohuwa ta fito da sandarta. Ba ta saba fitowa wurinmu ba. Ta tsaya, ta ɗaga sanda ta nuno inda nake.

Ta ce, "Ni ya yi mafarki. Shi. Shi ya shiga rijiya. Kai kasa, kafa sama. Hakori duka waje, yana dariya. Kasa ya zo, ya rufe shi. Ni ya kira, ya kira, babu."

Ba ta sauke sandar ba ubangidanmu ya zabura. "Innalillahi! Ajali ne. Rijiyar nan za ta ci shi."

Tsohuwa ta dube shi, ta yi wata doguwar magana da Barbarci tana kaɗa hannu. Babu wanda ya ji, babu kuma wanda ya tsaya ji. Ubangidanmu yana ta salati, Babur ya saki baki. Da ta ga ba a sauraronta, ta juya ta shige.

Ni dariya na yi. Na ce tsohuwa ta ci wake da yawa. Na sunkuya zan ɗauki igiya in ɗaura a ƙugu, sai ubangidanmu ya taka ta da ƙafa.

"Ba za ka shiga ba."

"Maigida, wasa kake?"

"Ka taɓa ganin na yi wasa da gawa? In ka mutu a ciki, rijiya ta tashi aiki, cike ta za a yi. Gidan ya yi suna. Ni kuma wa zai sake ba ni aiki a garin nan, bayan an gaya mini a gaban shaida na tura ka? Tafi gida. Ka yi sadaka."

Na ce to in koma jan kwando, Babur ya shiga. Ya ce ko kusa da bakin ramin ba ya so ya gan ni, ai kai ƙasa aka ce, daga sama ake faɗowa. Washegari ya kawo ƙanin matarsa, wani ƙato da bai taɓa haƙa abin da ya wuce salga ba, ya sa shi a gurbina.

Da abin ya tsaya a nan, da na nemi wani ubangidan. Masu haƙa a garin ba mu da yawa, kowa ya san hannuna. Amma magana ta riga ni zuwa ko'ina. Akwai gindin darbejiya kusa da kasuwa inda leburori ke zama masu neman ma'aikata su zo su ɗauka. Na je na zauna. Mutum zai zo yana neman mai yashe masa rijiya, ya nufo ni, sai wani ya ja shi gefe ya raɗa masa. Ka ga ya dubo ni da tausayi ya ɗauki wani. Sunana ya ɓace, na koma "wanda aka gani a rijiya."

Akwai wani Ibo mai kanti da ya so in haƙa masa rami a bayan gida. Mun gama magana, na zo da dagina, sai ya tare ni a ƙofa yana sosa kai. Ya ce, "Aboki, ni coci nake zuwa, ban yarda da mafarkin tsohuwa ba. Amma maƙwabtana duka sun yarda, kuma su ke sayen kayana." Shi kaɗai ne ya gaya mini gaskiya a fuska, ban ji haushinsa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda kowa ya koma yin mafarki da ni. Duk wanda ya ci ya ƙoshi sai ya gan ni a barcinsa. Matar maƙwabcinmu ta ce ta gan ni da farar riga ina tafiya ban waiwaya ba. Wanzamin unguwa ya ce ya ga yana yi mini aski, gashin yana zuba yana zama rairayi. Wani mai sayar da itace da ko gaisawa ba ma yi ya ce ya ga ina shan ruwa da takalmi, aka taru aka yi ta gardama ko takalmi tafiya ce ko mace ce, ina zaune ina jinsu kamar ba ni ake rabawa ba. Aka fara gaishe ni a hankali, irin gaisuwar da ake wa majinyaci. Ran nan bayan sallar Juma'a wani da muka taɓa faɗa a kan akuya ya kama hannuna biyu ya ce, "Don Allah mu yafi juna." Na fizge hannuna na ce ban yafe ba, ya dawo baɗi.

Kada a ce na raina mafarki. Ban raina ba. Uwata ta ga rasuwar ubana kwana uku kafin ta zo, ina yaro na ji da kunnena. Na je wurin malamin unguwarmu na gaya masa komai. Ya ce mummunan mafarki ba a tallarsa, wanda ya gani ya nemi tsari ya yi shiru, wanda ya fassara shi a bainar jama'a kuma ya yi ganganci. Ya ce in yi sadaka. Na auni gero daga ɗan abin da ya rage mana na bayar. Amma malam ba ya ɗaukar masu haƙar rijiya, kuma maganarsa ba ta kai gindin darbejiya ba.

Na fi kwana ashirin a haka. Na yi dako a kasuwa, na sauke buhuna, aikin da na bari tun ina saurayi. Abin da ake samu ba ya kai mu ko'ina. Tuwo ya koma sau ɗaya, yara suka daina tambaya, wannan ya fi tambayar ciwo.

Mai ɗakina ita ce ta gaji kafin ni. A cikin Barebari ta tashi, tana jin harshensu kamar su. Ran nan da hantsi ta ɗauki mayafi ta ce, "Malam, zan je in ji mafarkin nan daga bakin mai shi. Kowa ya ba ni labarinsa ban da wadda ta yi shi." Na ce ta je, me zai ƙaru.

Ba ta dawo ba sai la'asar. Ta shigo tana riƙe da ciki, ta zauna a kan turmi, dariya ta hana ta magana. Na ɗauka wani abu ya taɓa ta.

Da ƙyar ta ce, "Malam, koro ne."

"Mene ne koro?"

"Jaki. Jakarku ta gani. Jakarku ce ta faɗa rijiya kai ƙasa, haƙora waje."

Na ce ta daina wasa. Ta share hawaye ta ce wallahi. Ta ce a Barbarci "shi" ɗaya ne, namiji shi, mace shi, jaki shi. Tsohuwa ta nuna jaka, ni kuma ina manne da jakar. Abin da ya fito da ita ran nan, so take a riƙa ɗaure dabbar nesa da ramin, don ta ga tana kai baki tana kiwo a gefensa. Da ubangidanmu ya fara salati ta yi ta gaya mana da harshenta cewa ba mutum ba ne, babu mai ji. Ta ɗauka tausayin jakarsa ne ya kama shi. Har tambayar mai ɗakina ta yi, ina yaron nan mai gaisuwa ya shiga, ko ya koma garinsu ne?

Ni ban yi dariya ba. Shekara nawa ina Yerwa, sau nawa Babarbare ya ce da matata "shi", ya ce da ni "ita", muka yi dariya muka wuce? Kowa ya san wannan. Ubangidanmu ya sani, Babur ya sani, ni na sani. Amma ran nan da aka ambaci ƙasa ta rufe mutum, babu wanda ya tuna.

Ban jira komai ba na sa takalmi. Na same su a bakin rijiyar suna shirin tashi. Har lokacin ba su kai ruwa ba, ƙanin matar ubangidanmu ya karkatar da ramin, sai gyara suke. Jaka tana tsaye da mangalarta tana kaɗa wutsiya. Na faɗa wa ubangidanmu komai yadda aka faɗa mini. Babur ya zauna a ƙasa yana dariya yana nuna jakar yana cewa, "Ashe ke ce marigayiyar!"

Ubangidanmu bai ko murmusa ba. Ya ce, "Fassara ta riga ta fita."

"Maigida, fassarar me? Ba ni aka gani ba."

"Ko jakar aka gani. Jaki a mafarki ai mai ɗaukar nauyi ne. Wa ke ɗaukar nauyin rijiya in ba mai shiga ba? Ka ga ya dawo kanka."

"To ga mai shiga can, ƙanin matarka. Shi bai ɗauki nauyi ba?"

"Shi ba ya nan ranar da aka faɗa."

"Jakar fa? Ita da aka gani da ido, ka hana ta aiki?"

"Ita dabba ce."

Babur ya miƙe ya ce, "Maigida, ni dai shekara shida ina riƙe wa mutumin nan igiya, ban taɓa..."

"Kai kuma rufe mana baki, mai auren banda."

Sai ubangidanmu ya juyo gare ni, ya sassauta murya. Ya ce, "Saurara. Ko na yarda, garin ya yarda? Gida gida za ka bi kana cewa jaka ce? Rabi su ce matarka ce ta ƙirƙira don ka sami aiki, rabi su sa maka sabon suna, wanda aka musanya da jaka. Babu mai gidan da zai sa rijiyarsa a caca. Ka koma ƙasarku, ko ka riƙe dakon. Don ranka nake faɗa."

Na san akwai gaskiya a maganar garin. Na kuma san abin da ya hana shi janyewa. In ya ce ya yi kuskure a wannan, to duk auren da dukiyar da ya raba mana a bakin rami sun zama iska, gobe da safe babu mai ajiye ludayi ya saurare shi.

Na ce, "Maigida, riƙe fassararka. Ajalina ba a bakinka yake ba, ba a sandar tsohuwa yake ba. Wanda ya rubuta shi bai yi shawara da kai ba. In rijiya ce za ta ci ni, ta ci ni ina cikinta da dagi a hannu. Ba zan zauna a gindin bishiya yunwa ta ci ni da 'ya'yana ana yi mini sannu ba."

Ya ce, "Ka ji ka, sai ka ce da ni kake faɗa."

Na ce da shi nake.

Gidana a lokacin a bakin gari yake, ɗan fili ne da bulama, wato mai unguwa, ya yanka mini, ɗaki biyu da dangar zana. Hanyar da mutanen ƙauye ke bi zuwa kasuwa ta gabansa ta wuce. Ba mu da rijiya, ni mai haƙa wa mutane, matata sai ta je kogi. Na tsaya a tsakar gidan ina duban ƙasa har aka kira magariba. Da na dawo daga masallaci na gaya mata abin da zan yi. Babu mai gidan da zai bar ni in shiga rijiyarsa, to ga gidan da ba sai na roƙi kowa ba. Su gan ni na shiga da safe, su gan ni na fito da yamma, yau da gobe da jibi, har su gaji da jira.

Ta ce, "Wa zai ja maka kwando?"

Na ce, "Ke."

Sannan ta ce, "In ta rufta fa, Malam?"

Na ce, "Sai ki je ki gaya wa ubangidanmu ya iya fassara."

Ta ce Allah ya kiyaye, wannan wace irin magana ce. Amma ta tashi ta kwance igiyar shanya ta haɗa da ta guga, ta gwada ƙullin da ƙafa.

Washegari ina idar da asuba na naɗe zanar da ke fuskantar hanya na jingine ta gefe, gidan ya zama a buɗe. Na kafa turke, na ɗaura masa zare, na zagaya na shata bakin rijiya. Masu jakuna sun fara wucewa da itace, wasu suka rage tafiya. Wanzamin unguwa ya tsaya da zabirarsa ya ce, "Lafiya?" Na ce lafiya lau, ya matsa yana tare mini haske. Na yi bisimilla na kafa dagi. Kafin rana ta take na nutse zuwa ƙugu, na miƙa mata kwando.